Zafin Zuciyar Gwaggo

A danginmu ni ne mai Angale. Haka muke kiran Ingilishi a Maraɗi, kuma duk wanda takardar magani ta zo masa da shi, ko salularsa ta rikice ta koma yi masa magana da shi, gidana yake nufowa a unguwar Zariya. Ban taɓa gaya wa kowa iyakar sanina ba. Ɗan abin da na samu a kwaleji ne, sauran kuma na tsince shi a hanyar Kano da Legas, inda nake zuwa saro kayan gyaran moto, wato babur, na shagon da nake riƙe wa wani Alhaji. Ingilishina na bayan kwali ne. Na san "nan ne sama", na san "kada ruwa ya taɓa", na san yadda ake gaya wa mutum kayansa jabu ne har ya ji haushi. Da wannan ɗan guzurin na yi shekara ashirin ina yi wa dangi fassara, ba wanda ya taɓa kama ni, don ba wanda zai iya.

Gwaggo yayar mahaifina ce. A Tsibiri aka haife ta, aure ya kai ta Jiratawa, mijin ya rasu ya bar mata gida da lambun zogale. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma mu bakwai ta raina cikin 'ya'yan dangi, ni tun ina ɗan shekara shida da mahaifiyata ta rasu. Ba mu taɓa kwana da yunwa a hannunta ba, ba mu kuma taɓa wuni ba a yi mana faɗa ba. Gwaggo ba ta iya cewa "miƙo mini ludayi" ba tare da ta haɗa da tarihin ranar da ka ɓatar da wani ludayin ba. 'Yan kabu-kabun tashar Jiratawa in sun hango ta tafe, kowa sai ya duƙa yana duba tayarsa, don in ta hau bayanka ita ce mai tuƙin, kai riƙon kan moto kawai aka ba ka. Duk da haka in rashin lafiya ta faɗo wa gida, ita ake fara kira.

Wata shekara da rani aka kawo wata baƙuwa Jiratawa, ɗaliba 'yar Kenya da ta zo nazarin yadda ake noman zogale da ban ruwa. Ingilishi take ji da harshen garinsu, sai ɗan Faransanci na gaisuwa. Manyan gari suka duba suka ga gidan Gwaggo akwai ɗaki, babu maza, sai aka sauke ta can. Da labari ya iso mu, yayana da ke Tsibiri ya ce ya ba yarinyar mako guda. Matata ta ce kwana uku, in har yarinyar tana da wurin gudu.

Wata uku ta yi. Kuma cikin wata ukun nan ba wanda ya ji muryar Gwaggo ta haura katanga.

Na je da kaina na gani, don ban yarda da labarin ba. Na tarar da su a tsakar gida suna haɗa kwaɗon zogale. Yarinyar ta tashi za ta gaishe ni, gefen zanenta ya kwashe kwanon dakakken ƙuli-ƙuli, ya kife a ƙasa gaba ɗaya. Ni da nake da shekara arba'in da shida, da 'ya'ya biyar, sai na ga na ja da baya taku biyu ban sani ba. Gwaggo ta dubi ƙuli, ta dubi yarinya. Na ga muƙamuƙinta yana motsi. Sai ta ce, da wata murya da ban taɓa sanin tana da ita ba, "Ba komi, ɗiyata. Ƙasa ma tana son rabonta." Ta tashi a hankali ta zagaya bayan ɗaki, inda akuyarta take ɗaure tana tuƙa, ba ruwanta da kowa. Abin da akuyar nan ta ji ranar, ni na san shi kalma bayan kalma, don da shi na girma.

Na ce wa Gwaggo in tana so in riƙa zuwa ran Lahadi ina yi musu tafinta. Ta ce, "Wa ya kira ka? Mu muna jin junanmu." Gaskiya ta faɗa. Yarinyar ta tara 'yan kalmomin Hausa, ruwa, zo, ci, ya isa, sannu, ina gajiya, sauran kuma da hannu da ido suke yi. Tare suke fita lambu da safe, tare suke dawowa. Gwaggo ta koya mata yagar ganye ba tare da ta karya reshe ba, ita kuma ta koya wa Gwaggo shan shayi da madara har ya zame mata jiki. Mama take kiranta. Ranar da za ta tafi, a bakin mota ta rungume Gwaggo tana kuka, Gwaggo ta tsaya ƙiƙam hannuwanta a sake, don ba a saba mata da runguma ba, tana ta cewa, "To, to, ya isa, mota za ta tahi." Bayan ta koma, kowace Juma'a da hantsi sai ta kira ƙaramar salular Gwaggo su yi gaisuwar da suka iya, su yi dariya, su ajiye.

Kamar wata guda da tafiyarta aka yi suna a gidan yayana a Tsibiri. Da safen ranar saƙo ya shigo salulata, dogo, daga yarinyar. Ta ce akwai maganar da Hausarta ba za ta ɗauka ba, don Allah in karanta wa Mama. Na sami Gwaggo a tsakar gida cikin mata, ana ta rabon waina, na ce mata ɗiyarta ta aiko da wasiƙa, mu koma gefe. Ta gyara zama ta ce, "Gefen mi? Karanta nan kowa shi ji." Fuskarta kuwa sai ƙyalli take. Ni ma abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Mai Angale ba kullum yake samun taro irin wannan ba.

Farkon saƙon bai ba ni wahala ba. Tana gaida Mama, tana gaida matan lambu, ta yi kewar kwaɗo, zogalen garinsu bai kai na Jiratawa ba. Mata suna ta "Allah sarki". Sai na iso wata jimla. Ta ce duk yawon da ta yi ba ta taɓa haɗuwa da mutum mai zuciya irin ta Mama ba, kuma ta siffanta zuciyar da wata kalma. Kalmar na san ta sarai, a jikin takardun inji nake ganinta. Ita ake faɗa in an ta da moto da safe an bar shi ya ɗan ɗumama kafin a hau. Ba tafasa ba, ɗumi. Na juya abin a kaina, ɗumin zuciya, ɗumin zuciya. Ban taɓa jin Bahaushe ya ce ɗumin zuciya ba. Sai na ce a raina, ai mu abin da muke da shi zafin zuciya ne, yarinyar dai ladabi ya sa ta rage masa wuta. Na ɗaga murya na ce, "Ta ce duk yawon da ta yi a duniya, ba ta taɓa ganin mai zafin zuciya irinki ba."

Gidan ya kece da dariya. Matar yayana har da zama a ƙasa. Wata ta ce, "Ashe baƙuwa ma ta gano!" Wata ta ce labarin Gwaggo ya ƙetare ƙasashe. Yayana ya leƙo daga zaure ya tambayi abin da ya faru, aka maimaita masa, ya koma ya maimaita wa maza, dariya ta sake tashi daga can. Ni kuma da na ga kasuwata ta buɗe sai na ƙara gishiri, na ce ai yarinyar masaniya ce, bincike ta zo yi, ga sakamako ya fito.

Gwaggo ta yi ɗan murmushi, ta ja mayafinta ta rufe kafaɗa. Ta ce, "To. Ta hwaɗi gaskiya." Can kuma ta ce, "Maida mata amsa. Ka ce na ji. Ka ce ita ko Allah ya yi ta da sanyin zuciya, Allah shi bar ta da abinta." Wannan a wurinmu yabo ne babba, kuma ban taɓa jin Gwaggo ta yi wa wani mai rai shi ba. Nan take, a tsaye, da yatsa ɗaya, na juya shi zuwa Angale. Na rubuta cewa Mama ta ji saƙonki, ta ce ke kuma zuciyarki mai sanyi ce, Allah ya bar ki haka. Na tura, na sa salula a aljihu, na je na ci waina. Na lura Gwaggo ba ta taɓa nata kwanon ba, kuma tun kafin azahar ta nemi kabu-kabu ta koma Jiratawa, amma na ɗauka gajiyar taro ce.

Yarinyar ta buɗe saƙon, na ga alama. Ba ta amsa ba. Juma'a ta zo ba ta kira Gwaggo ba, wata Juma'ar ma haka.

Gwaggo ba ta ce wa kowa komai ba. Maƙwabciyarta, wadda suke kawo zogale kasuwar Maraɗi tare, ita ta tsaya a shagona ta ba ni labari. Ta ce kowace Juma'a tun da sassafe Gwaggo take kai salularta wurin mai caji, ta karɓo ta ƙulle a bakin zane ta tafi lambu da ita. Sau biyu ta kai ta wurin mai gyara ta ce ba ta ƙara, ya kira lambar a gabanta ta yi ƙara, ta ce masa to ya sake dubawa. Abin da ya fi ta da hankalin maƙwabciyar shi ne Gwaggo ta daina faɗa. Mai injin ban ruwa ya tsallake layinta ranar da ruwa yake nata, ta ce Allah ya kai mu gobe. Ɗan kabu-kabu ya bi da ita ta cikin rami, ba ta ce uffan ba, har ya tsaya ya waiwaya ya ga ko ta faɗi. Na ce wa maƙwabciyar tsufa ne. A raina kuma na ce baƙo ai haka yake, in ya koma gida ya manta, har na ɗan ji haushin yarinyar.

Muna da fada a ƙofar gidan wani maƙwabcina, gindin itacen bedi, inda muke shan shayi bayan la'asar. Cikinmu akwai wani dattijo da ya koyar da Angale a kwaleji har ya ajiye aiki, kowa Mushe yake ce masa, yadda muke kiran malaman boko da Faransanci. Ni da shi muna girmama juna, ma'ana ba na yin Angale a gabansa. Wata rana, kusan wata biyu bayan sunan, hira ta kai mu ga yadda Turawa suke faɗin abin da ke ransu. Mushe ya ce Baturen Ingila in baƙin ciki ya kama shi sai ya ce ya zama shuɗi. In murna ta yi masa yawa, ya ce ya haye saman wata. In ya yi niyyar abu tsoro ya kama shi, ƙafafunsa ne suka yi sanyi. In gabansa yana faɗuwa kafin jarrabawa, wai malam-buɗe-littafi ne suke yawo a cikinsa. Muka yi ta dariya. Mai dafa mana shayi, wani tela, ya ce to Faransawa fa, da in ransu ya ɓaci sai su ce suna da kyankyaso? Ya ce shi da ya ji wannan a lakkwal, wato makarantar boko, ya ɗauka duk gidansu masu baƙin ciki ne.

Mushe ya bar mu muka gama, sannan ya ce, "To ku fa? Wa ya taɓa leƙa cikin wani ya ga hwari ko baƙi? Kun ce hankali ya tashi, ya tashi ya tahi ina? Kun ce gabana ya hwaɗi, wa ya taɓa tsintar gaban wani a hanya?" Tela ya ce ai namu daidai ne, don kowa ya san abin da ake nufi. Mushe ya ce su ma haka suke cewa.

Da na yi shiru a nan, da har yau ni ne mai Angale. Amma shayi na biyu ya shiga jikina. Na ce ai akwai inda muka yi daidai da su tsaf, misali zafin zuciya. Na kwashe labarin sunan Tsibiri na ba su, har da kwaikwayon yadda Gwaggo ta ja mayafi. Fada ta yi dariya, ban da Mushe. Ya miƙo hannu ya ce, "Saƙon yana nan? Ba ni in gani."

Ya sa tabarau ya karanta a hankali, leɓunansa suna motsi. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Wannan kalmar ka ce zahi?" Na ce ɗumi ne, amma ai duk tafiyar ɗaya ce. Ya ce ba ɗaya ba ce, ko kusa. Ya ce masu harshen nan mutanen ƙasar sanyi ne, sanyi ne yake kashe su, don haka duk abin alheri a wurinsu ɗumi ne. In sun ce zuciyar mutum tana da ɗumi, suna nufin mai tausayi, mai jan mutane a jiki, wanda in ka zauna kusa da shi sai ka ji ka iso gida. Mu kuma rana ce take gasa mu, shi ya sa abin kirki duk sanyi ne a bakinmu, sanyin hali, sanyin ido, raina ya yi sanyi. Ya ce yarinyar ta yi wa Gwaggo yabon da ya fi kowane girma a harshenta.

Na miƙa hannu zan karɓi salulata, amma ya riga ya gangara ƙasa, ya ga amsar da na tura. Ya yi salati da ƙarfi har tela ya ajiye buta. Ya ce, "Kai ka rubuta wannan?" Ya ce a wurinsu mai sanyin zuciya shi ne marar imani, wanda za ka mutu a gabansa bai ɗaga ido ba. Yarinya ta zauna ta zuba duk ƙaunarta a wasiƙa, amsa ta zo mata cewa an ji, ita kuma marar tausayi ce, Allah ya dawwamar da ita a haka. Ya miƙo mini salular ya ce, "Ka zagi mata biyu a tsaye, da harshe biyu, kuma kowace tana ganin 'yar'uwarta ce ta zage ta. Ni shekara talatin ina koyarwa ban taɓa samun ɗalibin da ya iya haka ba."

Fada ta sake yin dariya, wannan karon da ni. Ban ji zafinta ba sosai, don hankalina yana kan salular da ake ƙullewa a bakin zane kowace Juma'a. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Ina so in ce washegari na tafi Jiratawa, amma kwana tara na yi. Na ƙirƙiro ciwon baya, na ƙirƙiro kayan da za su iso daga Kano. Har na tsara wata dabara, in je in ce wa Gwaggo yarinyar ta sake aiko da saƙo tana ba da haƙuri, ta ce wasa take yi. Da haka Gwaggo ta huce, ni kuma mutuncina yana nan. Na gaya wa matata dabarar ina jiran yabo. Ta ce, "Wato yarinyar ce za ta ba da haƙuri kan laihinka? Kai dai ka ce tsoron Gwaggo kake ji." Na ce ni da girmana? Ta ce ai ta ga yadda nake miƙewa tsaye in Gwaggo ta kira ni a salula.

Ran Alhamis na je wurin Mushe ya rubuta mini jimla uku a takarda, na bayani da ban haƙuri, ya sa na karanta su a gabansa har sau huɗu yana gyara mini baki. Ran Juma'a da safe na hau moto na kama hanyar Jiratawa.

Na same ta a lambu, tsakanin layukan zogale, tana yagar ganye tana zubawa a buhu. Ta rame. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ba ta ce na yi ƙiba ba, ba ta ce rigata ba ta da guga ba. Na ga ƙullin a bakin zanenta. Na tsuguna a bakin kwarin ruwa na ce, "Gwaggo, wasiƙar nan ta ranar suna, ban karanta ta daidai ba."

Ba ta daina yagar ganye ba. Ta ce, "Wa ya aiko ka ka lallashe ni?"

Na rantse mata ba wanda ya aiko ni. Na fara bayanin ƙasar sanyi da ƙasar rana yadda Mushe ya yi, na rikice a tsakiya, na koma farko. Ta ce in dai zafi ne ai zafi ne. Sai na ce mata ta tuna lokacin sanyi, da take tashi da asuba ta hura mana wuta a ɗaki, mu kewaye ta muna miƙa hannu kafin mu tafi lakkwal. Na ce wannan ɗumin yarinyar take nufi, ta ce zama kusa da ke haka yake. Hannunta ya tsaya a kan reshe. Sannan ta ce, a hankali, "To in haka ta ce, mi ya hana ta kira?"

Nan ne wurin da na yi kwana tara ina gudu. Na gaya mata abin da sanyin zuciya yake nufi a wurinsu, da yadda na rubuta shi, har da Allah ya bar ki haka.

Ban san tsohuwa tana iya ajiye faɗan wata biyu a wuri ɗaya ba tare da ya lalace ba. Ta fara daga Angalen da na ce na iya, ta bi ta kan kuɗin kaye, wato littafin rubutu, da na karatu da ta yi ta sayar da zogale tana biya, ta gangara har ranar da na saka gishiri a kunu ina ɗan shekara tara. Ta ce da ta san abin da lakkwal za ta koya mini ke nan da ta bar ni ina kiwon awaki, su aƙalla ba su rubuta wasiƙa. Matan da ke lambunan kusa duk suka miƙe tsaye suna kallo. Na ji maƙwabciyar nan ta ce daga bayan zogale, "Alhamdu lillahi, ta warke." Ni kuwa ina tsugune kaina a ƙasa, kuma wallahi daɗi nake ji, don ban san na yi kewar muryar nan ba sai da ta dawo.

Da ta tsaya shan iska ta ce, "Kira ta. Yanzu."

Na kira da salulata, gabana yana faɗuwa, ko malam-buɗe-littafi ne, oho. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Muryar yarinyar ta fito a sanyaye, irin sanyinmu. Na zaro takardar Mushe na karanta jimla ta farko, cewa kuskuren nawa ne, ba na Mama ba. Na shiga ta biyu, inda ake bayanin cewa a Hausa sanyin zuciya yabo ne. Ban kai ƙarshenta ba na ji wani sauti daga can, ban san ko dariya ba ce ko kuka, ina jin duka biyun ne. Gwaggo ta fizge salular daga hannuna.

Ta ce, "Ɗiyata."

Daga can aka ce, "Mama! Mama, ina gajiya? Ina lambu?"

Gwaggo ta ce, "Wannan yaron sakarai ne." Yarinyar ta ce, "Sakarai, Mama, sakarai!" Ashe ta san kalmar, a bayan ɗaki ta tsince ta. Gwaggo ta juya mini baya, ta yi mini nuni da hannu in ba su wuri. Na koma can bakin hanya inda na ajiye moto, jimla ta uku tana hannuna ba a karanta ba. Daga nesa ina hango ta tana magana tana nuna zogale da hannu, kamar mai sauraron tana ganinta. Sau ɗaya na ga ta kai bakin mayafi ga idonta.

Da suka gama ta taho da buhun zogale rabi a ka, ta sauke a bayan motona, ta miƙo mini salula. Fuskarta ta saki. Ganin haka sai na ce bari in ɗan gyara mutuncina, na ce ai Gwaggo laifin Angale ne, harshe ne mai juya magana, ko Mushe ya ce abin yana rikita mutane.

Ta ce, "Bar Angale ya huta." Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma da ma da faɗan ne da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Ni na san halina, ba yau anka fara gaya mini ba. Wata uku na riƙe bakina don yarinyar nan kada ta ji tsorona yadda kunka tashi kuna ji. Na ce ko mutum guda ya san ni ba da hwaɗa ba. Kai kuma ka ga kalma ba ka gane ta ba. Yarinyar da ta yi kuka a bakin mota, ta zauna ta rubuto daga wata duniya, ba ka ce a ranka anya zagi za ta aiko ba?"

Gaskiya ita ce ko kaɗan ban yi shakka ba.

Ta ce, "Ku bakwai na raina. Huɗu kuna gidan ranar. Kowa ya yi dariya, ba wanda ya ce a sake dubawa."

Na tsaya riƙe da kan moto, idona ya cika, ni da furfura a gemu. Na ce, "Gwaggo, abin da yarinyar ta rubuta shi ne gaskiya."

Ta ce, "Ita na san ta sani. So nike in ji ko kai ka sani."

Na ce na sani, na daɗe da sani, faɗa ne ban taɓa yi ba. Ta dube ni ɗan lokaci. Sannan ta karɓi igiyar roba daga hannuna, ta ce ban iya ɗauri ba, ta ɗaure buhun da kanta, ta jijjiga shi ta ga ya zauna. Ta ce in tafi a hankali, akwai rairayi kafin a hau kwalta.